Yutofiya da Hausa: ni dai "ƙasar buri" na zaɓa

Salam 'yan uwa. Tun da muka fara karanta Looking Backward na Edward Bellamy a ke ta jan kalmar nan yutofiya, kowa na faɗinta da bakin Turawa kamar ba mu da tamu. An kawo shawarwari iri-iri kan yadda za mu faɗe ta da Hausa, to bari in faɗi inda na tsaya, mai gyara ya gyara.

Asalinta dai marubucin Ingila Thomas More ne ya ƙirƙiro ta a littafinsa Utopia a 1516 daga Girkanci, ma'anarta wurin da babu shi, kuma furucinta ya yi kusa da wata kalmar mai nufin wuri mai kyau. Duk kalmar da za mu ɗauka sai ta ɗauko biyun nan tare, kyau da kuma rashin samuwa.

Yawancinku "aljannar duniya" kuka ce. Ban yarda ba gaskiya. Mu in an ce wane yana aljannar duniya ai gida da mota da sanyin AC ake nufi, jin daɗin mutum ɗaya, shi kuwa Bellamy tsarin al'umma gabaɗaya yake zanawa. Jarumin littafin, Julian West, ya yi barci a Boston 1887 ya farka a 2000, ya tarar gwamnati ta riƙe duk masana'antu, kowa na aiki daga shekara 21 zuwa 45 sannan ya huta, kowa ana ba shi kati mai kaso daidai da na kowa, likita da lebura duk ɗaya. Gurguzu ne tsantsa. Sannan ga babbar matsalar, wa ya taɓa ƙin aljanna? Amma William Morris, wanda shi ma ɗan gurguzu ne na gaske a Ingila, ya karanta littafin nan ya ji sam bai masa ba, ya ce rayuwar inji ce, ya soke shi a jaridar Commonweal a 1889, sannan ya rubuta nasa News from Nowhere a 1890 inda babu kuɗi babu rundunar ma'aikata, mutane na aikin hannu don suna jin daɗinsa. Kenan abin da wani ke kwaɗayi wani gudunsa yake, dole kalmarmu ta bar ƙofar wannan saɓanin a buɗe.

Yayana da ya kawo "duniyar mafarki", na fahimce ka, kuma West ɗin ma barci ya yi. Sai dai ka duba abin da masu karatu suka yi bayan littafin ya fito a 1888. An sayar da dubban ɗaruruwa, mutane suka kafa ƙungiyoyi sama da 160 a faɗin Amurka don kawai a aiwatar da abin da ke ciki, Ebenezer Howard ya karanta a Ingila ya fito da tunanin garuruwa masu lambu har aka fara gina garin Letchworth a 1903. Waɗannan ba su ɗauke shi mafarkin da ake farkawa a wanke ido a manta ba, kuma da mun ce mafarki to mun riga mun yanke musu hukunci tun ba a saurare su ba, wannan ne ke damuna.

Malam ya ambato Madinatul Fadila (wato birni nagari) ta masanin falsafa Alfarabi, Allah ya ƙara ilimi, Larabawa na amfani da ita a wannan ma'anar kam, amma ɗalibin sakandare a Gusau sai an sake masa fassara. "Zamanin sawaba" kuwa ta burge ni sosai wallahi, sai dai sawaba ta riga ta zama ta NEPU da su Malam Aminu Kano, a Nijar kuma ta jam'iyyar Djibo Bakary, da ka furta ta siyasar gida za a ji.

Shi ya sa na tsaya kan buri. Bahaushe na yabon mai buri, kuma yana gargaɗi kan dogon buri, ka ga fuska biyun More sun samu. Buri abu ne da bai zo ba tukuna amma ana tashi a yi masa aiki, kuma burina ba lallai ya zama naka ba.

Da farko "birnin buri" ce ta zo min don daɗin faɗi, amma na More tsibiri ne, na Morris kuwa Landan ce da ta koma kusan ƙauyuka da gonaki, birni ya yi musu kaɗan. Ƙasa ta fi faɗi. Ku gwada a jimla: ƙasar burin Bellamy ta sha bamban da ta Morris. Adabin ƙasar buri. Masu gurguzun ƙasar buri irin su Robert Owen, waɗanda Engels, abokin Karl Marx, ya soka. Ni a kunnena ta zauna.

Saura kishiyarta, distofiya. Wata 'yar uwa ta ce "ƙasar fargaba", ina ganin ta kama hanya, amma Hajiya ki kawo mana ita a jimla biyu ko uku mu ji yadda take sauka.