Taimako dan Allah: zan iya jingina furojet ɗina da gwajin da aka yi wa takardar tambayoyin halayya ta Farisanci?

Ƴar Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah waɗanda suka karanci saikoloji ku zo ku fitar da ni. Ina ajin ƙarshe, furojet ɗina akan halayyar ɗalibai ne, to sai na ci karo da wani bincike a intanet inda wasu malamai a Iran suka juya NEO-FFI, takardar auna halayyar nan mai tambaya 60, zuwa Farisanci, suka gwada ta akan mutanensu. Ni a tunanina tunda su ma ba turawa bane kuma galibinsu musulmi ne ai sun fi kusa da mu, me zai hana in juya tambayoyin zuwa Hausa in rubuta cewa an riga an tabbatar da ita a can, in wuce raba takardu kawai? Lokaci ya ƙure min wlh. Sannan abubuwa biyun da suke cewa sun gwada, wato reliability da validity, har yau ban rarrabe su ba.

Malamin Kawo:
Wa alaikumus salam ƙanwata. A'a, kar ki soma. Abin da suka tabbatar na takardarsu ne ta Farisanci akan mutanen da suka cike ta, ranar da kika juya ta Hausa ta zama sabon ma'auni, daga farko za ki fara.

Abubuwa biyun kuwa ki ɗauki mudun da aka bubbuge wa gindi a kasuwar Bacci. Ko sau goma aka auna miki shinkafa da shi abu ɗaya zai ba ki, wato yana tsayawa a magana ɗaya, amma ba mudu cikakke yake ba ki ba. Na farko kenan akwai, wato reliability (tsayawa a magana ɗaya), na biyu babu, wato validity (auna abin da aka ce ana aunawa). Na farkon ana duba shi da alfa ta Cronbach, lambar da ke nuna yadda amsoshin tambayoyin suke tafiya tare, tun 1951 ake amfani da ita, tana tafiya daga 0 zuwa 1 kuma yawanci ana son ta kai 0.70. Ki lura NEO-FFI halaye biyar take aunawa, kowanne tambaya 12, don haka alfa biyar za ki fitar ba guda ɗaya ba, wannan kuskuren ɗalibai na yawan yinsa. Sai kuma ki sake ba wasu daga cikin mutanen takardar bayan sati biyu ko uku ki ga ko amsarsu ta yi kusa da ta farko. Na biyun shine mai wahala, sai kin nuna tambayoyin sun rabu gida biyar da kansu a lissafi kamar yadda Costa da McCrae, waɗanda suka ƙirƙiro takardar, suka tsara, kuma sakamakon ya tafi daidai da wani ma'aunin da aka riga aka yarda da shi.

Abu Zahra:
Malam ya gama magana amma bari in ƙara abu ɗaya tunda na ɗan zauna a can karatu. Kusancin da kike gani yana nan amma ba yadda kike zato ba. Suna da wata al'ada da suke kira ta'arof, za ki sauka a tasi ki miƙa kuɗi direba ya ce ai ba komai ki bar shi, alhali jira yake ki nace, sai kin sake miƙawa kafin ya karɓa. To mutumin da ya tashi a haka in takarda ta tambaye shi ko yana da kirki ko yana son a yabe shi, me kike zaton zai zaɓa? Mu ma muna da namu, kunya da kara, amma inda tamu take kamawa daban. Ki ba yarinya takarda a aji malaminta na tsaye a kanta ki tambaye ta ko tana saurin fushi, wlh “a'a” za ta cika ko da ita ce masifaffiyar gidansu. Shi yasa kar ki sa a rubuta suna, kuma kar malami ya karɓi takardun da hannunsa. Su kansu masu Farisancin in za a kai takardar Afganistan ko Tajikistan sai an sake dubawa, ga Dari ga Tajik, wato Farisancin da ake yi a can, na Tajikistan ma da haruffan Rasha suke rubutu.

Hajiyar Barnawa:
Ƴata ki fara duba izini tukuna, NEO tana da masu ita, ba a juya ta haka kawai. In ba ki da halin wannan ki nemi IPIP ta Goldberg, kyauta ce kowa na iya ɗauka, halayen biyar ɗin dai take aunawa. Wajen fassara ki sa mutum biyu su juya zuwa Hausa kowa shi kaɗai, wani na uku da bai taɓa ganin ta asali ba ya mayar da ita turanci, sai ku zauna ku kwatanta. Kuma ki tuna Kaduna kike, Hausar ɗan Tudun Wada da ta wanda ya tashi Sabon Tasha yana yinta a matsayin yare na biyu ba ɗaya bace, ki fara gwadawa da mutum kaɗan daga kowane ɓangare ki ce su faɗa miki abin da suka fahimta da bakinsu. Tambayoyin da aka juya su baibai, masu “ba na”, su suka fi rikita mutane, kuma sai kin juya makinsu kafin lissafi in ba haka ba alfarki za ta faɗi ƙasa ki rasa dalili.

Ƴar Unguwar Rimi:
Na gode sosai Allah ya saka da alheri. To mutum nawa zan nema Malam? Kuma ba ni da SPSS, manhajar lissafin nan, a laftof ɗina.

Malamin Kawo:
Ana yawan cewa mutum 5 zuwa 10 kan kowace tambaya, in 60 ce kin ga 300 kenan mafi ƙaranci. In ya miki yawa ki je wajen sufabaizanki ki roƙa a mayar da furojet ɗin ya zama fassarar da gwajinta kaɗai, wannan ma aiki ne cikakke. Ki sauke manhajar jamovi a madadin SPSS, kyauta ce kuma tana fitar da alfa da rabon gidajen duka. Binciken Iran ɗin ki sa shi a babi na biyu, in naki ya fito ki jera lambobinki kusa da nasu.