Neman kalmar Hausa: me za mu kira "nokin" ɗin injin gas?

1. Jama'a, assalamu alaikum. Ina rubuta bayani kan a-kori-kura mai shan gas wadda ke ƙara idan tana tsaye inji na aiki, sai na cije a kan kalma ɗaya. Bature yana kiran wannan ƙara knock, mu kuma mun ara mun ce nokin. To amma a garejinmu idan bakanike ya ce inji ya yi nokin, ko ya buga, nufinsa aikin gama ya gama, sai a sauke inji. Shi kuwa Bature sautin kawai yake nufi, mota na iya yinsa shekara da shekaru tana tafiya lafiya.

2. Saboda haka ban yarda da "bugun inji" ba, ko da yake shi ne ya fara zuwa bakin kowa. Ka ce wa mai Hilux yana da bugun inji, ka tsinka masa zuciya a banza, wataƙila ma ya amince a buɗe masa inji alhali nozul ɗaya ce, wato bakin da ke fesa gas, ta lalace. A bar "ya buga" a inda yake, wato injin da ya mutu.

3. Wani ya kawo "ƙarar inji". Ta yi faɗi da yawa. Kukan bel ƙara ne, salansa da ta fashe ma ƙara take yi. Abin da nake ba da shawara shi ne ƙwanƙwasar inji, domin sautin tamkar ana ƙwanƙwasa ƙofa ne, ƙwas ƙwas, yana bin juyin inji.

4. Amma kalma ɗaya ba za ta wadatar ba, don ciwo biyu ne mabambanta. Injin gas ba shi da fulogi mai tartsatsi irin na fetur. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafi ƙwarai, sai nozul ta fesa gas ya kama da kansa. Tsakanin feshin da kamawar akwai ɗan jinkiri. Idan jinkirin ya yi tsawo, man ya taru, sai ya kama gaba ɗaya kamar an harba bindiga a cikin silinda. Wannan nake so mu kira ƙwanƙwasar ƙuna. Abin da ke jawo ta: nozul mai ɗiga maimakon feshi, lokacin feshi da ya yi gaba, inji mai sanyi da hitar ɗumama silinda ba ta aiki, ko gas maras kyau. Ana auna saurin kamawar gas da lambar siten, ƙa'idar Turai ba ta yarda ta gaza 51 ba, kuma gas ɗin da aka gauraya da kananzir yakan yi ƙasa. Duk wanda ya taɓa sayen mai a galan a bakin hanya ya ji injinsa ya sauya murya ya san abin da nake faɗa.

Ta biyun ita ce ƙwanƙwasar ƙarfe, inda metal ɗin konrod, wato shimfiɗar ƙarfe da ke gindin sandar fistin, ya cinye, ƙarfe na dukan ƙarfe. Ita ce mai kai inji ga bugawa.

5. Amfanin raba sunan shi ne kunne na iya raba su. Ta ƙuna tana da kaifi, ta fi tsanani da sanyin safiya, musamman lokacin hunturu, tana raguwa idan inji ya ɗumama. Ta ƙarfe muryarta kauri gare ta, daga ƙasan inji take fitowa, kuma zafi ƙara ta yake yi saboda baƙin mai ya tsinke. Idan fitilar baƙin mai na ƙiftawa, ko aka ga ɓurɓushin ƙarfe a man da aka juye, a kashe mota nan take.

6. A tsofaffin injuna irin 3L da 5L na Toyota, masu gyara sukan sassauta bututun nozul ɗaya bayan ɗaya, inda ƙarar ta ɗauke nan matsalar take. Sai dai hana silinda mai yana rage ta ƙarfe ma, don haka a musanya nozul ɗin da ta wata silinda. Ƙara ta bi nozul, ta ƙuna ce. Ta tsaya a wurinta, a duba ƙasa. Don Allah kada a gwada sassauta bututu a injunan zamani irin 2KD, matsin man cikinsu kan haura 1,000 a ma'aunin matsi na bar, yana iya huda fatar hannu. Waɗannan da kwamfuta ake kashe nozul ɗinsu.

7. Saura batun inji na aiki ba a taka totur ba, yana juyi wajen 700 zuwa 800 a minti. Nan ba na ganin buƙatar ƙirƙira, direbobi sun riga sun ce silo, kowa kuma ya gane. Jimlar da zan sa a rubutuna ke nan: "ƙwanƙwasar ƙuna a silo". 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da ke ce wa gas gazuwal, ina son jin yadda ake kiran wannan ƙara a garejinku kafin in rufe maganar.