Wa'azin Rabaran kan "Barka da Kirsimeti" ya tayar da ƙura

Maman Rifkatu: Jama'a, tun jiya raina a ɓace yake. Rabaran ya ce mun mai da "Barka da Kirsimeti" saƙon da ake tura wa mutum ɗari a WhatsApp, alhali gwauruwar da ke bayan gidanmu ba mai kai mata ko kwanon shinkafa. Ya ce an kira Yesu Immanuwel, wato Allah na tare da mu, domin da kansa ya zo, bai aiko saƙo ba, saboda haka mu ma mu taka da ƙafa. Na yarda. Amma da ya zo kan sabon ɗinki, ni ya yi ta kallo. Wata uku ina zuba adashi kafin na yi wa yarana kaya. Laifi ne in faranta musu rai ranar haihuwar Ubangiji?

Ɗan Zonkwa: Mama, ki yi haƙuri, amma wa ya ce ranar haihuwarsa ce? Ki duba Matiyu da Luka, su ne suka ba da labarin haihuwar, babu 25 ga Disamba a ciki. Shaidar farko ta yin bikin a wannan rana daga birnin Roma ta fito, a shekarar 336.

Baba Dattijo: Yaro, ranar da muka tarar iyayenmu suna sujada kake so ka rushe da karatun waya?

Ɗan Zonkwa: Baba, ban rushe komai ba. Luka sura 2 ta ce makiyaya suna waje da dare suna tsaron garkensu. Wa zai kwana a fili cikin sanyin Disamba?

Ladi ta Kafanchan: Kai ba ka taɓa ganin Fulani a tsakiyar hunturu ba? Wuta suke hurawa su kwana gefen shanu. Wannan ba hujja ba ce.

Malamin Waƙa: Ladi ta yi gaskiya, amma shi ma bai yi ƙarya ba. Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar 7 ga Janairu suke yi, domin kalandarsu daban. Su ba Kirista ba ne?

Baba Dattijo: Mu ba Habasha muke ba. Kuma shi wannan yaron, tun da ya bar majami'armu ta ECWA ya bi sababbin majami'un nan, komai namu ya zama kuskure a wurinsa.

Ɗan Zonkwa: Baba, ina girmama ka, amma a ECWA ɗin aka koya mini in binciki Littafi Mai Tsarki. Kada a sa ɗarika a ciki.

Ladi ta Kafanchan: Tunda an zo kan gwauraye, ina shinkafar da Zumuntar Mata ta tara musu bara? Har yau ba mu ji lissafi ba.

Maman Rifkatu: Ladi, ni ce ma'aji, ki kira sunana kawai! An raba, littafin yana hannuna. Ke da ba ki zo taro ba ko sau ɗaya.

Ladi ta Kafanchan: Ina jinyar uwata, kin sani sarai.

'Yar Bokkos: Don Allah ku bari. Mu da aka kai wa ƙauyukanmu hari a jajiberin Kirsimetin 2023, ba kwanan wata ya dame mu ba. Saƙonni sun cika mini waya a lokacin, amma waɗanda suka zo suka zauna da mu su nake tunawa. Abin da Rabaran yake nufi ke nan.

Ɗan Zonkwa: Allah ya ƙara haƙuri, 'yar'uwa. Amma har yanzu ba wanda ya nuna mini ayar 25 ga Disamba.

Baba Dattijo: Tunda ni ne shugaban zaure, bari in taƙaita. Kowa ya amince 25 ga Disamba ranarmu ce, mutum ɗaya ne kawai ya tsaya kan gardama, shi ma ƙuruciya ce. Rabaran bai ambaci sunan kowa ba, don haka Maman Rifkatu ta kwantar da hankalinta. Maganar shinkafa a kai ta taron mata ranar Alhamis, Ladi kuma ta ba ma'aji haƙuri. Na rufe zaure sai bayan sujadar safe.