Neman kalma: me za mu kira "branding" da Hausa?

1.
Jama'a, kalma ɗaya ta kayar da ni a gaban mutane, na zo ku taya ni tashi.

Makon jiya aka ɗauke ni tafinta a wani horo na kwana uku da wata ƙungiya ta shirya wa masu sana'ar hannu a nan Kano. Akwai dukawa, da marina, da masaƙa biyu, da mata masu ɗinkin hula, da samari masu zane da fenti, da wata baiwar Allah mai ginin tukwane. Ana koya musu yadda za su riƙe sana'a ta zama kasuwanci, mutum ya daina wuni yana aiki kuɗin na zurarewa bai san ta ina ba. Mai koyarwar daga Legas ta zo. Tana Turanci, ina juyawa.

Ranar farko ko gumi ban yi ba. Jari, uwar kuɗi, riba, faɗuwa, sari, la'ada, kafin alƙalami, duk suna nan a bakin mutane. Waɗanda suke ciniki a Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ba za su rasa sunan riba ba. Da ta ce a raba kuɗin sana'a da na gida, kafin in buɗe baki wata Hajiya ta riga ni: "Kada cefane ya cinye jari ke nan." Na ce shi ke nan, Hajiya, kin hutar da ni.

Rana ta biyu ta rubuta "branding" a jikin allo.

2.
Na ce "tambari", domin shi nake ji a rediyo idan ana maganar hoton da kamfani ko jam'iyya ke liƙawa a kayanta. Na yi ta maimaita shi kusan awa guda. Da aka tashi shan shayi sai na ji wata yarinya mai ɗinkin jaka tana waya da mai buga takardu, tana tambayar nawa zai buga mata sitika. Ita a ganinta darasin ya ƙare.

Da muka dawo, wani dattijo baduku da bai ce uffan ba tun jiya ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Malam, tambarin da na sani ganga ce, kuma sarki ake buga wa. To, bar wannan. Ni na fi shekara arba'in ina ɗinkin fata, ban taɓa manna wa jaka hoto ba. Amma ka kai jakata Kurmi ka cusa ta cikin guda ɗari, dillali zai zaro ta ya ce wannan hannun wane ne. Shi wannan, ɗana, me ake ce masa a Turancin nata?"

Na juya mata. Matar nan ta tafa hannu ta ce ai abin da take ta faɗa ke nan tun safe.

Wato ni ne na ɓatar da aji guda. Na ce, "Baba, ka yi mini afuwa, zan nemo kalmar."

3.
Ga abin da kalmar ke ɗauke da shi, don kada mu yi ta harbi a duhu. Asalinta a Turanci ƙuna ce: ƙarfe mai zafi da ake ɗora wa saniya don a san mai ita. Muna da wannan, lalas. Amma ba wanda zai je gaban mai ɗinkin hula ya ce ta yi wa hularta lalas.

A bakin 'yan kasuwar yau kuwa ta haɗa abubuwa da yawa: sunan da ake kiran kayanka da shi, kamannin da ake gane su da shi, da abin da mai saye yake sa ran samu idan ya ji sunan. Na ukun nan shi ne mai kuɗi. Shi ne ke sa mutum ya shiga Kwari ya ce a ba shi gezna, ya biya ninkin wata shaddar ba tare da dogon ciniki ba, alhali Getzner sunan wani kamfani ne can a Ostiriya. Wani lokaci sunan kan yi ƙarfi har ya haɗiye na 'yan'uwansa. Kowane man goge baki makilin ne a wurinmu, kowane garin wanki omo ne, kowane dunƙulen miya magi ne.

4.
Kalmomin da aka fara kawo mini.

Alama da shaida sun yi faɗi da yawa. Hadari ma alamar ruwa ne. Lamba kuwa ta tafi wajen mota da waya, ba ta dawowa.

Hatimi na so shi da farko, har sai da na tuna Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew, wani Bature maginin tukwane ɗan Ingila, ya kafa a Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu. Tukwanen da ta yi a can ana danna musu hatimi biyu tun yumɓu na ɗanye: na cibiyar, da nata mai haruffan LK. Masu gwanjon kayan tarihi a Ingila har yau wannan hatimin suke dubawa a gindin tukunya. Amma ku lura da abin da ya riga abin. Kafin ta taka cibiyar, Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riga ya tara tulunanta a gidansa, kuma a can Cardew ya fara ganin aikinta. Babu LK a jikinsu a lokacin. Ƙadangarun da take zanawa ne, da kunamu, da kifaye, da yadda cikin tulun ke fita sumul kamar an auna. Hatimin daga baya ya zo ya tarar da abin da ake ganewa. Saboda haka hatimi shi ne abin dannawar, mu bar shi a nan.

Hannu, kalmar Baba, ita ta fi kusa da zuciyar masu sana'a. Marini yana gane hannun marini, mai hula tana ganin ɗinki ta ce wannan ba hannun 'yan gidanmu ba ne. Matsalarta, hannu baiwa ce da ƙwarewa, ba abin da za a ce maka "je ka yi shi kafin Litinin" ba. Kuma mai hannu yana iya mutuwa ba a san sunansa ba.

5.
A kan wannan na ƙarshen zan ɗan tsaya, don shi ne ya sa na ɗauki maganar da zafi.

Ɗaruruwan shekaru majeman Kano da Sakkwato suna jeme fatar jar akuya da bagaruwa, su rine ta da karan dafi. Ayari ya ɗauka ya keta Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, ana yi wa littattafai masu tsada bango da ita. Da wane suna aka san ta a can? Fatar Maroko. Kaso mai yawa na abin da Turawa suka kira da wannan suna daga majemarmu ya fito. Akuyar tamu, bagaruwar tamu, warin majema mu muka shaƙa, sunan kuma ya tsaya a inda jirgin ruwa ya yi lodi.

Ku kwatanta da rawani ɗan Kura. Shi ma ya keta Sahara, Buzaye suna naɗa shi har baba ya rine musu fuska, amma sunan garin ya bi shi duk inda ya je. Haka kilishin Agadasawa, haka tagullar Bida.

Fatar tana da hannu, ba ta da suna. Ɗan Kura yana da duka biyun. Abin da matar Legas ke son koya wa ajin nan shi ne yadda aikinsu zai zama irin na biyun. Da wannan a raina na fara karkata zuwa ga suna. "Ya yi suna." "Kaya ne mai suna." "Kada ka ɓata mini suna." Duk maganar kasuwa ce tun kafin a haife mu, kuma suna linzami ne.

To "brand" ya samu: suna. Saura aikin yin sa da gangan.

6.
Na dawo. Na gode da amsoshinku, sun fi ƙarfin in bi ɗaya bayan ɗaya.

Wani malaminmu na jami'a ya kawo "tambartawa". Allah ya gafarta Malam, ginin kalmar daidai yake, ba ni da ja. Amma ta mayar da mu kan sitikar yarinyar nan. Kuma na gwada faɗarta a gaban mai shayin unguwarmu, ya ce in sake faɗa.

Da yawa sun ce "talla" ko "tallatawa". A'a. Talla kai kaya ne gaban mai saye. Yarinya mai tallan goro tana talla, amma goronta ba shi da suna, gobe ka saya a farantin wata ba ka san an canja ba.

Wasu samari sun ce a bar shi "burandin" kawai, kamar yadda muka karɓi kwamfuta da intanet. Ba ni da gaba da aro, kalmomin kasuwarmu da yawa ma daga Larabci suka zo. Sai dai kwamfuta baƙuwa ce ta zo da sunanta. Wannan abin ɗan gida ne. In ka ce wa Baba "burandin" ka nuna masa cewa wani ilimi ne da ba shi da shi, alhali shi ya gyara mini fassara.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya ce su can "marki" suke ji a bakin 'yan boko, daga Faransanci. Ya kuma tuna mini cewa Nijar ta kai kilishinta da albasa 'yar Galmi an yi musu rajista a OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka da ke Yawunde, ta yadda ba kowa zai kira albasarsa da sunan Galmi ba. Yaya, na gode. Abin da fatarmu ta rasa ke nan.

Sai wanda ya kawo kirari da take. Wannan kyauta ce, na karɓa hannu biyu, amma ga wasu guraben. Gajeriyar jimlar da kamfani ke maƙalawa a ƙarƙashin sunansa kirari ce, ba ta fi "ko da me ka zo an fi ka" ba. 'Yar waƙar talla ta rediyo kuwa take ce. Mahauta da kalangunsu, maƙera da dundufarsu, sun daɗe da sanin wannan.

7.
Kalmar da ta zaunar da ni ba daga nan ta fito ba. Ina ba gwaggona labari da daddare, tana ɗinkin hula da ƙyar saboda ido, na ce mata ina neman sunan abin da ake yi wa kaya a ba su suna, a yi musu kamannin da za a gane su, a sanar da jama'a.

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Zanen suna kake nufi?"

Na yi shiru.

Ku duba ranar bakwai ɗin nan da kyau. Ana raɗa suna. Wanzami yana zuwa ya yi aski, a da ma har ya yi wa jariri zanen gidansu, wanda duk inda ya shiga za a san ɗan ina ne. Maroƙi ya ɗaga murya ya shelanta. A raba goro da dabino don waɗanda suka ji su zama shaidu. Daga ranar kuma nauyi ya hau kan yaro da iyayensa, kada ya ɓata sunan gida. Suna, kamanni, shela, da amanar da ke biyo baya. Kalmar ma da kanta ta haɗa zane da suna.

Na gwada ta a jimloli, don a nan ake gane kalma mai rai:

"Hajiya, hulunanki sun yi kyau, amma ba ki yi musu zanen suna ba."
"Kafin ka kai takalman nan baje koli, ka zana musu suna."
"Kuɗin zanen suna daban, kuɗin talla daban."

Ba wadda ta yi mini tsami a baki.

Na san abin da za ku ce: za a ɗauka haihuwa aka yi. Gaskiya ne, idan ka faɗe ta ita kaɗai. Shi ya sa a rubuce nake ba da shawarar cikakkiyarta, zanen sunan kaya, ko zanen sunan sana'a idan mai zane ne ko mawaƙi da ba kaya yake sayarwa ba. A cikin aji, inda kowa ya san maganar kasuwa ake yi, zanen suna ya isa. Tambari ma ai bai hana sarki jin gangarsa ba don jam'iyyu sun ara.

8.
Ga yadda zan gyara takardar da za a raba wa ajin, sai in wani ya kawo wadda ta fi: suna shi ne abin da ake nema, zanen suna shi ne aikin, tambari shi ne hoton, hatimi shi ne abin dannawa, kirari da take suna inda na ajiye su.

Wani ya tambayi maganar rajista. Biyu ce, kuma mutane na haɗa su. Sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, ake yi masa rajista. Tambari kuwa ofishinsa daban, yana ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta tarayya. Takardar CAC ba ta hana wani kwaikwayon hoton da ke jikin jakarka.

9.
Ɗazu na bi ta rumfar Baba don in cika alkawari. Na same shi yana huda fata da basilla, zare a baki. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, na samo. Zanen suna."

Ya cire zaren. Ya maimaita kalmar sau biyu a hankali, yana kallon jakunkunan da ke rataye.

Ya ce, "Wannan na gane. Wato duk 'ya'yan nan nawa ba a yi musu suna ba."

Na ce haka ne, Baba.

Ya ce, "To ragon fa, ƙungiyar ce za ta saya ko ni?"