Masu Turanci ku taimaka: easily, readily, willingly da gladly

Ɗan Rigasa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shirin rubuta JAMB ne, ina zuwa lesin da yamma a Tudun Wada, to jiya malaminmu ya rubuta jimla biyu a allo ya ce mu nemo kalma ɗaya da za ta cike gurbin duka biyun. Ta farko "The man ___ agreed to pay", ta biyu "Clean water is not ___ available here", sai ya jera easily, readily, willingly, gladly a ƙasa. Rabin aji suka ce easily wasu suka kafe kan willingly, ana cikin musu aka kira magariba ya ce sai Litinin. Ni dai na duba ƙamus ɗin waya sai na ga kamar duk abu ɗaya suke faɗa. Dan Allah akwai bambanci ko duk wanda mutum ya saka ya yi?

Malam na Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam ƙanina. Amsarka readily ce, amma tsaya ka ji dalili don kar gobe a canza maka jimla ka sake rikicewa. Easily maganar aikin take, wato abin bai ba da wuya ba, "She passed the exam easily", ba ruwanta da ko yarinyar tana so ko ba ta so. Willingly kuwa maganar zuciya ce, mutum ya yi da son ransa ba wanda ya tilasta shi, ko da aikin mai wuya ne. Yaro zai iya ɗaukar wa tsohuwa buhun masara daga bakin Kasuwar Barci har titi yana nishi gumi na zuba, ya yi willingly amma sam bai yi easily ba. Gladly ita ma son rai ne sai dai an ƙara da murna.

To readily ita ce mai ƙafa biyu. In tana tare da aikin da mutum ke yi da bakinsa ko ransa, irin su agree, accept, admit, ma'anarta nan take ba jan ƙafa ba gardama. In kuma tana gaban available ko accessible ma'anarta abin yana samuwa ba sai an sha wahalar nema ba. Shi ya sa ta shiga duka biyun. Ruwa ba shi da rai balle ya so ko ya ƙi, don haka willingly da gladly sun faɗi tun a jimla ta biyu.

Anti Barnawa:
Malam ya gama magana, Allah ya ƙara ilimi. Ni abin da ke damuna a wurin aiki ne, takardun neman aiki da na IT suna biyowa ta tebur ɗina kuma wallahi sai ka ga yaro mai hankali ya rubuta "I will easily accept any post", shi a ransa ladabi yake, yana nufin duk inda aka ajiye shi ya yarda, amma mai karantawa ba zai ji ladabin ba, jimlar ce za ta yi masa banbaraƙwai. Abin da yake nema shi ne "I would gladly accept". Ku riƙe wannan would gladly ɗin ɗana, har a wasiƙar WAEC da NECO za ta yi muku amfani. Sannan akwai voluntarily, ita ta fi zama a takardun ofis da na kotu, kamar "he resigned voluntarily", don kansa ya ajiye aiki ba korarsa aka yi ba, ko da ransa a ɓace ya tafi.

Ɗan Poly:
Ni fa Malam da ɗan abin da ban gamsu ba, ai easily available ma Turanci ne mai kyau ina ganinsa a rubuce sosai, kar yaron ya tafi da tunanin kuskure ne. Kuma ba a faɗa masa easily tana da wasu fuskokin ba, in aka ce "He is easily the best in the class" ba batun sauƙi ake ba, ana nufin ya yi wa saura fintinkau babu ko tantama, haka in aka ce "It could easily rain today" ana nufin da alama sosai za a yi ruwan.

Malam na Unguwar Rimi:
Gaskiyarka, easily available ba kuskure ba ne, readily available dai ya fi yawa a bakin masu harshen. Inda easily ta yi rauni a ta farko ne, don abin da ake son nunawa shi ne mutumin bai yi taurin kai ba. Sai kuma wurin zamanta ƙanina, kar ka raba aikatau da abin da ya faɗa wa, "He speaks easily English" ba daidai ba ne, sai dai "He speaks English easily". A rubutu kuma y ɗin easy da ready tana komawa i kafin ly, mai makin takarda ba ya yafe wannan.

Ɗan Rigasa:
Na gode ƙwarai Malam, na gode Anti, Allah ya saka da alheri. Na kwafe duka a littafina. Saura ɗaya, na ga reluctantly da grudgingly a cikin tsofaffin tambayoyi, su ne kishiyoyin willingly ko su ma akwai bambanci tsakaninsu?

Anti Barnawa:
Duka biyun ba da son rai ba ne ɗana, sai dai reluctantly yana ɗari-ɗari ne ya dai yi, grudgingly kuwa ya yi amma yana ƙunƙuni yana jin haushi a ransa.