Laftof ɗin Celeron zai riƙe ni kuwa? Neman shawara daga Birnin Kebbi

Ɗan Gwadangaji:
Salamu alaikum ƴan uwa. Don Allah masu sanin harkar kwamfuta ku taimaka min. Ina karatu a Waziri Umaru Poly, kuma ni ke riƙe lissafin shagon shinkafa na babanmu, buhu nawa ya shigo buhu nawa ya fita, wa ya ci bashi. An nuna min wani sabon laftof mai furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Celeron N4020, RAM (wurin riƙe aikin da ake kan yi) 4GB, ma'aji 64GB, kuɗin dai daidai aljihuna. Abin da zan yi da shi taifin a Word, Excel, duba imel, ɗan kallon darasi a YouTube, babu gem babu editin. Abokina ya ce kayan wasan yara ne kar in jefa kuɗina a ruwa. Mi kuka gani?

Injiniya_Gusau:
Wa alaikumussalam ƙanena. Zai yi maka, amma ka san mi kake saye. Wanga furosesa ƙwaya biyu (sassan da ke sarrafa aiki a cikinsa) gare shi kuma wat 6 kacal yake ci, shi ya sa batir ke daɗewa kuma da yawansu ko fanka babu a ciki. Mu nan wannan ba ƙaramin abu ba ne, ka ga zafin Afrilu da ake haura digiri 40 ga ƙurar hunturu, mai fanka kullum zuƙar ƙura yake sai ka buɗe ka tarar ta dunƙule a bakin fankar kamar auduga, shi kuwa marar fanka babu ta inda zai ja. Cajarsa ma yawanci ba ta wuce wat 45, ƙaramin sola na gida zai ɗauke ta.

Inda gizo ke saƙa shi ne 64GB ɗin nan. Mafi yawa eMMC ne, ma'aji mai jinkiri da ke liƙe da allo, ba SSD mai sauri ba, kuma Windows 11 da kanta 64GB ne mafi ƙanƙantar wurin da take nema, 4GB kuma mafi ƙanƙantar RAM, wato kana bakin iyaka tun ranar farko. Idan ofdet ya taho sai ka ga jan layi a ma'ajin C, alamar wuri ya kusa cika. Kafin ka biya ka sa mai shagon ya nuna maka ko akwai gurbin sa SSD a ciki, wasu akwai wasu babu. RAM ɗin kuma galibi a liƙe yake da allon cikin injin, ba ƙari, yadda ka saye shi haka za ku rabu.

Baban Khalifa Jega:
Ni dai gaskiya ban goyi baya ba. Ka ɗan ƙara haƙuri ka nemi tokumbo, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, ThinkPad ko EliteBook mai Core i5 da RAM 8GB, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuma in wani abu ya lalace duk mai gyara ya san su, kayansu na nan a Farm Centre Kano. Sabon nan in allonsa ya mutu shi ke nan sai dai a yi ta'aziyya.

Injiniya_Gusau:
Malam Baban Khalifa maganarka gaskiya ce ta fannin ƙarfi, sai dai tokumbo batirinsa ne matsala, yawanci ya riga ya sha wuya can, mai shago zai rantse maka yana awa huɗu, ka kai gida a ɗauke wuta ka ga abin mamaki. Sannan a duba zamani, Windows 10 Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma 11 a hukumance daga i5 zamani na 8 take karɓa, su na 6 da na 7 da suka cika kasuwa ba su ciki.

Maman Ilham:
Ɗan uwa irin naka nake amfani da shi a Argungu, sakamakon jarabawar ɗalibai nake shigarwa. Word da Excel lafiya lau wallahi. Chrome ne kawai abokin faɗa, in na buɗe shafuka da yawa sai linzamin ya tsaya yana juyi, to na koyi rufe wanda na gama da shi, hotuna da bidiyo kuma duk a filasha nake zubawa. Ɗan yayata ya so ya sa min Linux Mint a madadin Windows wai ya fi sauƙi a kan ƙaramin inji, na ce a'a bar ni da abin da hannuna ya saba, amma kai da kake yaro kana iya gwadawa. Kuma kar ka ɗora shi kan katifa ko filo kana aiki, tunda ta jikinsa yake fitar da zafi.

Ɗan Gwadangaji:
Na gode ƙwarai, Allah shi saka. Yaya Injiniya, na koma shagon da la'asar, ya ce akwai wani mai furosesa N100 da RAM 8GB amma da ɗan ƙari a kai. Ya cancanci in jira kuɗin wata mai zuwa?

Injiniya_Gusau:
Jira. N100 na 2023 ne, ƙwaya huɗu, shi ma wat 6. In da SSD 256GB ya zo ɗauki kawai, amma ka kunna shi a gaban mai shagon ka shiga Settings ka gani da idonka, kar ka yarda da abin da aka rubuta a kwali.