Hoton kakanmu yana manne a albam: in ɓamɓare shi ko akwai wata hanyar gano wurin?

Jikan Malam:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Hoton kakanmu ne guda ɗaya tak, baƙi da fari. Yana tsaye gaban wani dogon gini mai baranda, bayan ginin akwai dutse mai kai biyu, a gefen dama ana ganin rabin mota, saman ƙofar kuma akwai allo da haruffa uku kawai ke fitowa. Dangi sun rabu biyu kan garin da aka ɗauke shi. An manne shi da gam a shafin albam, don haka bayansa ba ya ganuwa. Babu fim ɗinsa, babu wani kwafi. In ɓamɓare in duba, ko in bar shi?

Ɗan Hanzari:
Wa alaikumussalam. Juya bayansa kawai, za ka ga hatimin mai hoton.

Yaya Babba:
Ai ya ce a manne yake. A riƙa karantawa kafin a amsa.

Baba Mai Hoto:
Yaro, kar ka taɓa shi. Gam da ya daɗe ya fi takardar ƙarfi, kana ja sai bayan hoton ya zauna a shafin tare da rubutun da kake nema. Ka shiga ɗaki mai duhu, ka ɗora tocilar waya a bayan shafin, ka duba ta gaba. Idan takardar albam ɗin fara ce, hatimi yakan fito a juye. Ka ɗauka da wata wayar ka juya shi kamar a madubi. Idan shafin baƙi ne mai kauri, ka kwantar da hasken a gefe yana shafar fuskar hoton. Rubutun biro yana turo takarda, za ka ga tudunsa. Kuma ka sani, hatimi yana nuna inda aka wanke hoto ne. Fim kan yi watanni cikin kyamara, ya yi tafiya mai nisa kafin a wanke shi.

Mai Gyaran Waya:
Na'urar busar da gashi, zafi kaɗan, minti biyu, gam zai saki. Sai ka zura zaren sakace ta ƙarƙashi a hankali.

'Yar Laburare:
Malam, wannan dabarar ta albam mai danƙo ce, wadda ake rufe shafinta da leda. Shi gam aka shafa masa. Zafi yana lanƙwasa takarda, ya tsattsaga fatar hoton. Kafin komai a yi sikanin ɗinsa yana nan a shafinsa, a kan 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, a ajiye shi a tsarin fayil na TIFF. Tsarin JPEG kuwa na zubar da ƙananan bayanai duk lokacin da aka gyara aka sake ajiyewa.

Mai Gyaran Waya:
300 ta isa, Hajiya. Fiye da haka cika waya ne kawai.

Gwanin Taswira:
300 ta isa idan sake buga shi za a yi a girmansa. Wanda ke son karanta allon da bai kai ƙwayar shinkafa ba, 1200 zai sa, ko da a kan wannan ɓangaren kaɗai. Ɗan'uwa, dutsen nan ya fi hatimin daraja, domin ana rushe gini amma dutse yana nan. Ka buɗe Google Earth a kwamfuta, ka je garuruwan biyu, ka kwantar da kallon zuwa ƙasa, ka zagaya dutsen har kawunan biyu su tsaya yadda suke a hoton. Tazarar da ke tsakaninsu tana canzawa da inda mutum ya tsaya, ita za ta ba ka layin da mai hoton yake kai. Manhajar PeakFinder ma tana zana bakin duwatsu daga duk wurin da ka zaɓa. Sai ka nemi abu na biyu da zai ratsa layin, kamar titi, layin dogo, hasumiya ko tankin ruwa.

Amma ka fara tabbatarwa ba a wanke hoton a juye ba, yana faruwa idan aka kifa fim. Duba haruffan allon, ko rigar shat idan akwai mai ita, maɓallan ta maza suna ɓangaren daman mai rigar. In ba haka ba za ka yi ta neman dutsen da babu shi.

Sarkin Zolaya:
Ni shawarata a raba hoton gida biyu, kowane ɓangare na dangi ya tafi da kan dutse ɗaya, a huta.

Yaya Babba:
Allah ya shirye ka. Motar fa? Idan ana ganin sitiyari ko gefen titin da take bi, yana taimakawa. Najeriya ta koma bin hannun dama na titi a 1972, Ghana a 1974. Samfurin motar kuma shekarar da hoton ba zai riga ba kawai yake ba ka: in Peugeot 504 ce, hoton bai riga 1968 ba, amma zai iya zama shekara ashirin bayan haka.

Ɗan Hanzari:
Duk wannan wahala ce. Google Lens, manhajar da ake bincike da hoto, daƙiƙa biyar.

Gwanin Taswira:
Lens yana gane ginin da hotunansa suka cika intanet. Ginin da aka rushe kafin zuwan wayar hannu, zai kawo maka makamantansa daga ƙasashe goma. In za ka gwada, yanke mutumin ka bar ginin kaɗai, ka sake da injin bincike na Yandex. Idan ginin babu shi yanzu, akwai hotunan tauraron leƙen asirin Amurka mai suna CORONA, na 1960 zuwa 1972, waɗanda aka saki a 1995, ana neman su a shafin EarthExplorer. Doguwar rufin kwano tana fitowa a cikin masu kyau.

'Yar Laburare:
Kowa ya tafi na'ura, an manta da tsofaffi. Idan akwai gwaggo ko kawu da ya san lokacin, a buga hoton babba a kai masa. Kowa a tambaye shi shi kaɗai, kuma kar a ce "nan ba wuri kaza ba ne?", domin zai ce e don kara. A ce "me kake gani a nan?", a kunna rikoda, a yi shiru.

Mai Gyaran Waya:
Tsoho zai ce maka gari kaza yau, gobe ya canza. Taswira ba ta mantuwa.

Baba Mai Hoto:
Wanda ya ce a gasa hoto da zafi shi ne zai raina maganar tsofaffi? Masu irin wannan shawarar su suka cinye hotunan mutane. A kai hoton shekara sittin shago, yaro ya zura shi injin lamineshin, leda ta narke ta kama fuskarsa, har abada ba ta ɓamɓaruwa. Wani ya yanke farin gefen da almakashi don ya shiga firam, alhali a nan wasu masu wanki ke buga wata da shekara. Yanzu kuma ga manhajojin gyara da ƙirƙirarriyar basira: haruffa ukun nan, za su cike maka su da kalmar da ba a taɓa rubutawa ba, su ba kakanka idanun wani mutum. Sai dangi su yaɗa wannan, su jefar da na asali domin wai ya dusashe. Abin yana ci min rai ƙwarai.

Yaya Babba:
Wallahi Baba. Ga kuma WhatsApp da ke matse hoto, bayan turawa uku allon ya zama dusa. A tura shi a matsayin fayil.

Jikan Malam:
Na gode ƙwarai. Na gwada tocilar, akwai alamar zagayen hatimi amma shafin ya yi kauri, bai karantu ba. Baba, in aka yanke shafin albam ɗin aka kankare ta baya fa?

Inna Mai Ajiya:
Kafin a kai ga kankara, albam ɗin a hannun wa ya kamata ya zauna? Kullum haka ake yi, mutum ɗaya ya kulle hotunan gida a akwati, a roƙe shi kwafi ya ce sai ya duba, har gara ta riga kowa. Duk wanda ke riƙe da su ya yi sikanin ya raba wa kowane ɗaki, ya rubuta sunayen mutanen da fensir mai laushi a gefen shafi.

Ɗan Hanzari:
Inna, ai wanda aka ba aro ne ba ya dawowa da shi, shi ya sa ake kullewa.

Inna Mai Ajiya:
Wa ya ce a ba da aro? Kwafi na ce.